Goron Sallar Yaya: abin da ya sa filasmar araha take kashe wa mai kallo gwiwa

Yau ba sharhin fim zan yi ba, ba kuma labarin wanda ya saki sabuwar waƙa ba. Maganar abin da muke kallon fina-finan a cikinsa ce, saboda wani abu da ya same ni a Ƙaramar Sallar nan, kuma na san ba ni kaɗai ya taɓa samu ba.

Yayana da ke aiki a Abuja ya zo gida hutun Sallah. Ana gobe idi da daddare ya miƙo min makullin mota, ya ce in buɗe but in shigo da kaya. Ina buɗewa na ga ƙaton kwali, an rubuta 43 ɓaro-ɓaro, ga 4K, ga Smart, ga HDR, ga hoton wani aku mai launi kamar zai yi fiffike ya tashi. Ya ce, "Taka ce. Na gaji da ganinka kana ƙura wa waya ido kamar mai gyaran agogo." Wallahi daren nan ban yi barcin kirki ba. Shekara nawa ina kallon Labarina da Kwana Casa'in da Izzar So a wayar da gilashinta ya tsage, in zo in rubuta muku sharhi kamar a silima na gani.

Ranar Sallah bayan an sauko daga idi an ci an sha, muka kafa ta a ɗakina, abokai suka cika har bakin ƙofa. Na fara da bidiyon waƙa. Fuskar jarumar ta fito kamar an shafe ta da manja. Na saka fim, aka zo wurin da aka ɗauka da dare, sai muka koma sauraren rediyo, don ba a ganin komai sai fararen idanu da haƙora. Sauti kuwa kamar an jefa waya cikin gwangwanin madara. YouTube sai da ya yi ta juyi kafin ya buɗe, Netflix kuma ya buɗe amma rimot ya kasa matsa komai a ciki. Wani abokina da ba ya iya riƙe bakinsa ya ce, "Kai, ai wayarka ta fi wannan fitar da hoto." Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, amma ta ciki na ciki.

To kyauta ce, kuma yaba kyauta tukwici. Ban ce wa kowa komai ba. Sai dai na shafe wajen sati biyu ina karance-karance, ina kuma zuwa wurin wani mai gyaran TV a unguwarmu ina damunsa da tambaya. Abin da na gano shi ne ba duka laifin na TV ɗin ba ne. Wani laifin na kwalin ne, wani nawa ne, wani kuma na abin da nake ɗura mata ne. Sanin wanne ne wanne shi zai hana mutum kashe kuɗi a kan abin da ba ya gyaruwa, ko zubar da abin da minti biyar zai gyara.

Da farko ma sunan da muke kiranta da shi ba nata ba ne. Duk TV mai faɗi marar ƙusumbi filasma muke ce mata, alhali ainihin filasma manyan kamfanoni irin su Panasonic da Samsung da LG sun daina ƙera ta tun 2014. Abin da ya cika kasuwa yanzu, wanda ake rubuta wa LED, gilashin LCD ne da aka jera wa ƙananan fitilu a bayansa. Gilashin ba ya ba da haske da kansa. Aikinsa kamar na labule ne, ya buɗe haske ya wuce, ko ya rufe ya tare. Ku riƙe wannan, zai yi mana amfani a gaba.

Abin da kwali ya faɗa da abin da tef ya faɗa

Inci na TV ba daga hagu zuwa dama ake auna shi ba. Daga kusurwa zuwa kusurwa ne, a karkace, kuma gilashin kaɗai, ban da robar da ta kewaye shi. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, ke nan inci 43 ya kamata ya ba ka kusan santimita 109. Ƙanwata tana ɗinki, na ari tef ɗin awonta na ɗora. Inci 40 cif. Na ce ko hannuna ne ya karkace, na sake. Ko da na haɗa da robar gefen bai kai 43 ba. Da na koma kan kwalin na duba da kyau, sai na lura babu alamar inci a jikin lambar. Farkon lambar samfurin ce kawai, aka yi mata ƙaton rubutu, sauran haruffan kuma aka ƙanƙanta su. Ba su ce maka inci 43 ba ne, kai ne ka faɗa wa kanka.

Na 4K ɗin ya fi ciwo. Hoton TV ɗigo-ɗigo ne ƙanana, waɗanda ake kira fiksel, an jera su layi-layi. Wadda ake ce wa HD Ready tana da ɗigo 1366 a kwance, 768 a tsaye, jimilla miliyan ɗaya da ɗan ɗoriya. Full HD tana da 1920 da 1080, sama da miliyan biyu kaɗan. 4K ta gaskiya kuwa 3840 da 2160 ce, wato sama da ɗigo miliyan takwas. Kun ga tsakanin ta farko da ta ƙarshe akwai ninki kusan takwas.

A kwalina, ƙarƙashin ƙaton 4K ɗin nan akwai wata 'yar kalma da sai ka sunkuya za ka gani: "Support". Ma'anarta TV ɗin za ta iya buɗe fim ɗin da aka ɗauka da 4K, ta matse shi ya shiga iya ɗigon da take da shi. Kamar a ce kwanon sha yana karɓar ruwan randa ne. Zuba dai za ka iya zubawa, amma abin da kwano zai ɗauka shi zai ɗauka.

Yadda na tabbatar kuwa, ba sai da wata na'ura ba. Kada ma ka yarda da abin da TV ɗin ta rubuta a saitinta, don shi ma rubutu ne kamar na kwali. Ka saka farin hoto ya cika fuskar, ka ɗora tef ko rula a jiki a hankali, ka kawo kyamarar waya kusa ka ɗauka, sannan ka zuƙo hoton. Za ka ga kowane ɗigo ya kasu uku, ja da kore da shuɗi. Ka ƙirga ɗigo nawa ne a cikin santimita ɗaya. TV mai inci 40 faɗinta kusan santimita 88 da rabi ne. Idan HD Ready ce za ka samu wajen ɗigo 15, idan Full HD ce wajen 22, idan 4K ce wajen 43, wanda da kyar ma kyamarar za ta rarrabe su. Ni 15 na ƙirga. Na ƙirga sau uku ko za su ƙaru.

A yi adalci dai, ɗigo 768 ba abin kunya ba ne idan TV ɗin inci 32 ce kuma kana zaune nesa, kamar daga wannan bangon falo zuwa wancan. Ido ba zai kama bambancin sosai ba. Matsalar tana fitowa ne idan gilashin ya yi girma, ɗakin kuma irin namu na samari, inda katifa take taku uku daga bango.

Dalilin da dare yake cinye fuskar jarumi

Wannan shi ne abin da ya fi damuna a matsayina na mai kallon fim, don haka zan ɗan daɗe a kai.

Kun tuna na ce fitilu ne a baya, gilashi kuma labule? A TV ɗin araha fitilun nan duka a kunne suke koyaushe, da ƙarfi iri ɗaya, ko hoton rana ake nunawa ko na tsakar dare. Idan aka zo wurin duhu, labulen ne zai yi ƙoƙarin tare hasken, kuma ba ya iya tarewa duka. Shi ya sa baƙi yake komawa toka-toka, a gefe-gefe kuma ka ga haske yana tsiyaya kamar fitila ta ƙarƙashin ƙofa. Kashe wutar ɗaki ka saka baƙin hoto, za ka gani da idonka. Masu tsada suna raba fitilun gida-gida, su rage hasken inda ake son duhu. OLED kuwa kowane ɗigo shi ke ba da haskensa, in ana son baƙi sai ya mutu gaba ɗaya.

To me ya sa abin ya fi taɓa mu? Saboda fatarmu. Fuskar baƙin mutum a wurin da aka ɗauka da dare tana zaune ne tsakanin baƙi da ruwan ƙasa mai duhu, kuma duk wasan yana cikin wannan ɗan tsakanin: yadda goshi ya tattare, yadda leɓe ya yi rawa, ƙwallar da ta taru ba ta zubo ba. TV ɗin da ba ta iya bambance duhu da duhu sai ta haɗe su duka ta yi dunƙule ɗaya. Darakta ya wahala, mai haske ya wahala, jarumi ya yi wasan da ya kamata a yaba masa, kai kuma kana ganin inuwa tana magana. Sau nawa muka zagi masu ɗaukar hoto a Kannywood cewa ba su iya haska dare ba? Wani lokacin gaskiyarmu ce. Wani lokacin kuma TV ɗinmu ce.

HDR ɗin da aka rubuta ma haka yake. Ana auna hasken fuskar TV da wani ma'auni da ake kira nit. Fina-finan HDR galibi ana daidaita su ne a allon da ke kai nit 1,000 ko fiye, alhali masu araha da yawa suna tsayawa ne tsakanin 200 da 300. Sakamakon shi ne idan ka saka mata fim ɗin HDR, maimakon ya fi kyau sai ya fi duhu da dishi-dishi. Idan kana da zaɓi, ka ba ta na gama-gari, ya fi mata sauƙi.

Inda laifin nawa ne

Manjan da na gani a fuskar jaruma ba lalacewa ba ce. TV tana fitowa daga kwali ne a saitin shago, wanda aka yi don ta ɗauki idon mai wucewa a tsakiyar wasu guda ashirin. A wurin "Picture Mode" za ka ga "Vivid" ko "Dynamic". Wannan shi ke cika launi har ja ya koma kamar zai ɗiga. Na mayar da ita "Movie", a wasu za ka ga "Cinema". Na je "Color Temperature" na zaɓi "Warm". Na sauke "Sharpness" ƙasa sosai, don abin da yake yi ba ƙara kyau ba ne, farin zane yake yi a gefen komai, har gashin baki ya zama kamar an zana da biro. Minti goman farko za ka ga kamar hoton ya yi rawaya ya mutu. Ka daure. Bayan kwana biyu in ka koma "Vivid" kai da kanka za ka ce me nake kallo da.

Akwai kuma wani saiti mai sa fim ya koma kamar bidiyon biki. Fim na silima hoto 24 ne a cikin daƙiƙa ɗaya, namu na nan da yawa 25. Wasu TV ɗin suna ƙirƙiro hotunan ƙarya su cusa a tsakani don motsi ya yi sulɓi. Samsung suna ce masa Auto Motion Plus, LG TruMotion, Sony Motionflow, wasu kuma MEMC. Yana da daɗi a ƙwallo, amma a fim yana kashe armashi, har Tom Cruise da darakta Christopher McQuarrie sai da suka yi bidiyo a 2018 suna roƙon mutane su kashe shi. Tawa dai ba ta ma da shi, don haka wannan bai dame ni ba. In taka tana da shi, ka kashe.

Sai maganar tsofaffin fina-finai. Irin su Sangaya da Wasila an yi su ne a zamanin TV mai ƙusumbi, wadda fuskarta 4:3 ce. Ta yanzu 16:9 ce. Idan ka bari ta miƙe hoton don ya cika fuskar, kowa sai ya yi faɗi, Ali Nuhu na wancan lokacin ya koma kamar ya shekara yana cin ɗanwake. Je ka "Aspect Ratio" ka zaɓi 4:3. Baƙin da zai fito hagu da dama ba matsala ba ce, haka fim ɗin yake.

Abin da kake ɗura mata

Abokin nan nawa da ya ce wayata ta fi fitar da hoto bai yi ƙarya ba, amma bai san dalili ba. Fim ɗin da na saka ranar daga wurin masu turi na karɓo shi, kuma su don waya suke matse shi, don ya yi saurin shiga kuma memori ya ɗauki da yawa. Irin wannan sau da yawa 360 ne, wato ɗigo 640 da 360, wajen dubu 230 ke nan. A gilashin waya mai inci shida ɗigon a matse suke, sai ka ga tas. Ka shimfiɗa su a inci 40, kamar ka ja ɗan man shanu a kan ƙaton burodi ne. Tsohon faifan VCD ya ma fi haka ƙanƙanta, 352 da 288 ne, DVD kuma 720 da 576. Babu TV ɗin da za ta ƙirƙiro abin da babu shi a cikin fim. Masu tsada sun fi iya ɓoye aibin, shi ke nan.

Don haka yanzu in na je turi sai in ce a ba ni mai nauyi, na TV, ko da za a ƙara min kuɗi. A YouTube kuma ina shiga wurin "Quality" in zaɓi 720 da hannuna, don in ka bar shi a "Auto" da zarar netwok ya yi rauni zai sauke ka ƙasa ba sallama. Sai dai a shirya wa data. Netflix da kansu sun ce awa ɗaya ta HD tana iya cin har gig 3, ta 4K har gig 7. Ka ga ko da Yaya ya sayo min 4K ta gaskiya, da wace datar zan ciyar da ita?

Masu dikoda kuma ku duba wayar da kuka haɗa. In har wannan mai kai uku ce, rawaya da ja da fari, to hoton ba zai taɓa wuce na da ba, komai kyan TV ɗin. Ku nemi HDMI in dikodar tana da wurinta.

"Smart" ɗin da ba ta da wayo

Ashe Android iri biyu ne a TV. Akwai Android TV ko Google TV, wanda aka yi don TV kuma Google suka amince da shi. Akwai kuma Android irin na waya, da aka ɗauko aka cusa wa TV aka yi masa kwalliya. Tawa na biyun ne. Shi ya sa Netflix ɗin ciki na waya ne, yana jiran a taɓa shi da yatsa, rimot kuma ba yatsa ba ne. Sai da na jona linzamin kwamfuta sannan na iya zaɓar fim.

Ko da na shiga, hoton bai yi kyau ba, kuma a nan ma akwai dalili. Manhajojin fim na biya suna amfani da wani makulli na Google mai suna Widevine don hana satar fim. Na'urar da ke da matakin L1 ana ba ta HD. Wadda ke L3 kuwa ana tsayar da ita a ƙaramin hoto, wajen 480, ko nawa ka biya. Akwai wata 'yar manhaja, DRM Info, da ke nuna maka matakin da kake. Tawa L3. Ga kuma RAM gig ɗaya, ma'ajiya gig 8, abin da ko wayar da ake saya wa yara ta wuce shi yanzu. Dole ta yi ta juyi.

Wannan kam yana da magani, kuma bai kai kuɗin sabuwar TV ba. Akwai ƙananan na'urori da ake soka wa a ramin HDMI, irin su Fire TV Stick na Amazon ko na Xiaomi. Su za su zama ƙwaƙwalwar, TV ɗin ta koma gilashi kawai. Ni ban saya ba tukuna, ina tari. A yanzu tsohuwar laftof ɗin wani abokina nake jonawa.

In ka saka filash ka ga hoto yana tafiya babu murya, musamman a fina-finan waje, ba sifika ce ta mutu ba. Wani nau'in sauti ne, kamar AC3 ko DTS, da TV ɗin ba ta iya karantawa. In tana karɓar manhaja ka saka VLC, yawanci yana buɗewa. In kuma fim ya ƙi shiga filash alhali akwai wuri, duba ko filash ɗin FAT32 ne, don shi ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce gig 4.

Sauti

Mu masu son waƙa a nan aka fi cutarmu. Sifikun TV ɗin nan guda biyu ne ƙanana, suna kallon ƙasa, a cikin jikin da bai kai kaurin littafi ba. Bes kuwa iska yake so a tura da yawa, kuma ƙaramar sifika a matsattsen wuri ba ta da wannan ƙarfin. Kiɗanmu na fim, tun daga zamanin fiyanon Yamaha har zuwa na su Umar M. Shareef da Hamisu Breaker da Ado Gwanja, a kan bugun ƙasa yake tafiya. Cire shi, sai a bar ka da siririyar murya da ƙarar ƙarfe. Na saka Jaruma ranar Sallah, waƙar da ta tayar da gari a 2020, ko kai babu wanda ya gyaɗa.

A nan babu saitin da zai cece ka. Sai dai ka fitar da sautin waje, ta ramin iyafis ko ta HDMI mai alamar ARC, zuwa ko da tsohuwar hom tiyata ce. Ni ta ɗakin Umma na ɗauko wadda ta shekara uku tana shan ƙura, kuma wallahi rabin haushina ya tafi a ranar. Bulutut yana yi, amma wani lokacin baki yana riga murya. In za ku sayi sifika kuma kada ƙaton lamba mai PMPO ya ruɗe ku, RMS ake dubawa.

Mai gyaran nan ya ƙara min da abu biyu. Ya ce aikin da ya fi zuwa masa shi ne TV mai magana babu hoto, kuma galibi fitilun baya ne suka ƙone, don mutane suna barin "Backlight" a ƙarshe dare da rana. In ka haska tocila a jikin gilashin ka hango hoto dishi-dishi, to su ne. Ya ce in rage nawa, na rage. Na biyu wuta. TV ɗin tana son wajen bolt 230 ne tsayayye, wutarmu kuwa kun san halinta, balle in an koma janareto. Sitabilaiza, ko ɗan abin nan da ke jinkirta wuta in an kawo ta, ya fi sauƙin kuɗi a kan canza allon wuta.

Maganar Yaya

Na so in yi shiru har abada. Mutum ya cire kuɗinsa a wannan marrar ya yi maka abin da ba ka roƙa ba, sai ka bi shi da tef? Ban ma san nawa ya saya ba, ba a tambayar kuɗin kyauta.

Abin da ya canza min ra'ayi shi ne wata waya da ya yi da Umma a gabana. Bikin ƙanwarmu bayan Babbar Sallah ne, kuma shi ya ɗauki nauyin kayan kallo na ɗakinta. Na ji yana cewa ai ya samu wuri mai sauƙi, irin tawa zai sayo mata, har ya yi wa mai shagon magana. Nan na ga shirun nawa ya tashi daga kunya ya koma cuta. Gidan miji za a kai ta, dangin miji za su shigo ganin ɗaki, kuma Yaya zai sake biyan kuɗin inci 43 a ba shi 40.

Na kwana biyu ina juya yadda zan fara. Da na kira shi sai na fara da godiya, na ce masa kullum a kunne take, wanda gaskiya ne. Sannan na ce, "Yaya, akwai abin da na gani, kuma ba don ni zan faɗa ba, don ta amarya ce. Ina jin mai shagon nan bai yi maka adalci ba." Na tura masa hoton tef a jikin gilashi, da na ɗigon da na ƙirga. Ya yi shiru har na zaci layi ya yanke. Can ya ce, "Wato tun Sallah kake zaune da wannan a cikinka?" Na ce ina jin nauyi ne. Ya ce, "Nauyin me? Ni aka cuta ai, ba kai ba."

Ya koma shagon. Mai shago ya ce shi bai taɓa cewa inci 43 ba ce, haka ake kiranta a kasuwa, kuma kaya in ya fita ya fita. Akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, da ke karɓar irin wannan ƙorafi, amma abin da za ka fara nunawa shi ne rasit, na Yaya kuwa ɗan guntun takarda ne da aka rubuta "TV 1" da kuɗi, babu inci, babu lambar samfur, babu maganar garanti. Ya dai fasa sayen ta biyun a can.

Ta amarya mun yi magana za mu shiga Sabon Gari tare in ya zo. Mun yanke cewa gara Full HD ta gaskiya ta kamfanin da aka sani, ko da ba Smart ba ce, a kan mai tarin rubutu a kwali. Za a buɗe ta a kunna a gabanmu, in saka filash ɗina mai farin hoto da baƙin hoto da wani wurin dare da na yanko, a rubuta inci da lambar samfur da wata nawa ne garanti a jikin rasit. Ƙanwar tawa ta ce in dai tef ɗinta za a tafi da shi, to a dawo mata da shi, don wancan karon sai da ta neme shi kwana biyu.

Tawa kuma tana nan a bango, inci 40, ɗigo 768, a kan "Movie", da hom tiyatar Umma a ƙarƙashinta. A cikinta na kalli abin da zan yi muku sharhinsa ranar Juma'a in Allah ya kai mu, kuma wuraren dare na sake duba su a waya kafin in ce komai a kan mai ɗaukar hoton.